Kada Ka Sake Turo Mini Kabu-kabu

Lurwanu,

Na fita tafiyata tun bayan asuba, kana barci. Takalman da ka ɓoye mini na same su bayan randa. Ko ɓoyo ba ka iya ba.

Jiya ina tsakiyar tafiya a hanyar Tsarnawa sai ga Tijjani ɗan kabu-kabu ya sha gabana, wai kai ka turo shi. Ya ce, “Baba, don Allah hau, ana ta cewa Lurwanu ya bar tsohonsa na yawo a ƙasa.” Har da durƙusawa a bakin titi, jama'a na kallo. Dole na hau, aka kawo ni gida kamar buhun gero. Minti goma sha biyu na samu cikin talatin da likita ya yanka mini.

Takardar da ya ba mu ranar sallama daga asibiti sau uku na karanta ta, kai ko buɗewa ba ka yi ba. In ban motsa kullum ba, ciwon zuciyar nan zai dawo. Ka ɗauka daɗi nake ji? Kowace safiya sai na yi faɗa da ƙafafuna, sannan in yi da kai.

Kada ka sake turo mini kowa. In bakin mutane ya dame ka, sa takalmi ka biyo ni.

Haka muka yi wa mahaifiyarku, “zauna, kwanta, ki huta,” har muka kai ta kushewa, da hannuna a ciki. Ni ba za ku kashe ni da ladabi ba.

Babanka