Lamba Uku

Yako, 4 ga Maris, 1956

Zuwa ga ƙanena Mudi, a Riruwai,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka. Yaya aikin kuza? Malam Rufa'i ke rubuta mini, na kuwa ce masa kada ya tausasa ko kalma ɗaya.

Ya karanta mini takardar da likitan rangadi ya ba ka a Tudun Wada. Ashe kashi uku yake kasa yaran da gaɓoɓinsu ke murɗewa tun haihuwa. Na ɗaya suna tafiya da kansu, na biyu za a kai su Kano a yi musu takalmin ƙarfe a koya musu tsayuwa, na uku kuwa a mai da su gida. 'Yarka Zuwaira lamba uku ya rubuta mata.

Habu mai jaki, da ya kai ku, ya gaya mini komai. Likita ya tambaye ka ko tana zama, ko tana ci da kanta, ko tana magana. Ka sunkuyar da kai kana tonon ƙasa, ka ce haka dai take. Wai kunyar 'yar fari! Ita kuma ga tsoron baƙi, ga wahalar hanya, dole jikinta ya sandare, hannu ya yi ta fizga. Abin da ya gani shi ya rubuta.

Shekara shida tana hannuna. Tana zama in ta jingina da turmi. Tana danne akushi da ƙafa ta kai loma baki da hagu, ko da rabi zai zube. Ba don kurkunu ya kwantar da ni ba, da ni zan je. Wallahi raina ya ɓaci da kai.

Likitan zai biyo ta Bebeji ran Talatar sama. Ka zo ka gyara da bakinka.

Ka huta lafiya. Yayarka,
Turai

Yako, 16 ga Maris, 1956

Zuwa ga Mudi,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, turmin atamfar da ka aiko ya iso. Kai ne ba ka iso ba. Ka ce ba ka iya tsayawa gaban mutane kana yabon 'yar fari, za a ce ba ka da ta ido. To, ni da ba ni da ita na je.

Na ɗaure ƙafata da tsumma, Habu ya ɗora ni da Zuwaira a jaki zuwa Bebeji. Na ƙi yarda a kwantar da ita a tebur. Na ari turmi a maƙwabta, na jingina ta a inuwa, na ajiye mata tuwo, na roƙi 'yan kallo su ja da baya. Sai da jikinta ya saki, sannan ta ci loma tara, likita yana ƙirgawa. Da mai yi wa likita tafinta ya tambayi sunanta, da kanta ta faɗa, a hankali. Likita ya soke uku ya rubuta biyu.

Kada ka yi saurin murna. Gurbi huɗu ne a Kano, kuma tun a Tudun Wada aka cike su, ranar da kake tonon ƙasa. Sai baɗi, in ji likita, kuma kullum jijiyar ƙafarta ƙara ɗaurewa take. Na yi kuka a hanya har Habu ya rasa inda zai sa idonsa.

Atamfarka tana cikin adaka, ban yanka ba. Zuwaira ta iya kiran kowa a gidan nan, har akuya. Kai kaɗai ban koya mata ba. Ranar da ka zo ka kira sunanta a gaban mutane, zan gaya mata ko kai wane ne.

Allah ya sada mu da alheri. Yayarka,
Turai