Tafkin da Na Goge

Ƙawalli Rediyo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan Umma ta ji sauƙin ƙafarta. Zan faɗa miki abin da ko a gaban madubi ban iya faɗa ba: ni ce na goge miki tafkin da kika zana.

Kin tuna ranar Laraba a ajin zane, da Bahago ya tsaya gaban zanenki riƙe da burushi har fenti ya ɗiga masa a takalmi bai sani ba? Wata huɗu ina matse masa shuɗi daga kwalbata duk ranar da nasa ya ƙare, ban taɓa samun abin da ya wuce na gode ba. A littattafan da nake karantawa, mai shiru ta can lungu ita ake juyowa a gani a ƙarshe, ni kuma na yarda. Da kuka fita wanke hannu, tsumman kananzir na hannuna, fentinki bai bushe ba. Sau ɗaya na ja, daga gindin dutsen zuwa bakin ruwa.

So na yi ya lalace. Washegari Malama ta ja da baya taku biyar kamar yadda take koya mana, ta ce wannan ne ruwa, duwatsun sun narke a cikinsa, ba irin nawa da nake bin kowane ganye kamar mai ɗinki ba. Ta rataye zanen a bango, aka yi ta tafi, har da ni.

Ki yafe mini in za ki iya. Ki gaishe da Umma.

Taki, 'Yar Lungu

*

'Yar Lungu,

Na amsa gaisuwa, Umma da sauƙi. Na ga takardarki a akwatin fentina.

Ke a tunaninki ban sani ba? Bakin hannun rigarki shuɗi har ranar Juma'a, kuma wannan shuɗin ni kaɗai na haɗa shi da ruwan toka. Shiru na yi, ni Rediyo guda, ina jiran ki buɗe baki. Kwana tara!

Ga inda kika kai ni. Malama ta ce ranar Asabar in tsaya gaban aji in nuna yadda na yi ruwan. Na ɓata ƙyallen zane uku a gida ina gwadawa, duk taɓo suke zama. Ban iya ba, hannunki ne. Ba zan tsaya in yi ƙarya ba, kuma ba zan kai ƙararki ba. Ki san abin yi.

Maganar Bahago kuwa, gara ki ji daga bakina. Ya kawo mini sabon burushi a naɗe da takarda, na karɓa. Tun kafin Larabar nan ne. Da kin taɓa gaya mini kina sonsa, ko da kalma ɗaya, da ban san me zan yi ba, amma da na sani. Shekara shida muna zama a benci ɗaya.

Na koma kusa da taga. Kada ki ajiye mini wuri.

Rediyo

*

Zuwa ga Malama,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kina lafiya da iyali.

Ruwan da kika yaba a zanen ƙawata ba ita ta yi ba, ni ce, kuma da mugun nufi na yi. Duwatsun da hasken nata ne, ta yi sati uku tana ɗora su ɗigo-ɗigo. Don Allah kada a tsayar da ita gobe. In kin ce in bar ajin, zan kwashe kayana.

Na so in tura wannan ta ƙarƙashin ƙofarki in gudu. Amma ƙawar tawa tana zuwa da wuri, kuma daga taga ana ganin teburinki. Zan miƙa miki a hannu, tana kallo.

Na gode, Allah ya ƙara girma.

Ɗalibarki ta bencin ƙarshe