Karofin Baba a Tsakiyar Tasha

Litinin, 7 ga Maris, 1983
An amince da zanena na tasha a ofishin ƙaramar hukuma, Bodinga. Tsohuwar marinar garinmu za ta koma tashar mota, da shaguna da layin dogon yaro. Ciyaman ya ce gari zai farfaɗo. Tun da yadin kanti ya kashe rini, matasa duk sun gudu Sakkwato. Ya kamata in yi murna. Gajiya kawai nake ji.

Alhamis, 14 ga Afrilu
Tifa ta fara cike ramukan rini. Saura na Baba Mode, mahaifina, shi kaɗai ke tsoma zane har yanzu. A zanena karofinsa ya faɗo daidai inda motoci za su juya. Na sani tun ina ja da fensir.

Na durƙusa na yi masa bayani. Bai daina juya muciya ba. Ya ce, "Ladan, kai na za ka cike shi da hannunka? To bari shunin ga ya mutu tukun."

Juma'a, 3 ga Yuni
Shuni bai mutu ba. Kullum sai ya ƙara toka da ganyen baba. Tsoho da wayo! Ɗan kwangila na ta yi mini tsiya.

Litinin, 2 ga Janairu, 1984
Soja sun karɓi mulki. Ɗan kwangila ya ɓace. Shaguna sun tsaya iyakar taga, awaki na kwana ciki. Babu tasha, babu marina. Aikina ke nan.

Laraba, 15 ga Fabrairu
Baba kwance, ƙafa ta kumbura. Bai tambayi magani ba. "Wa ad da juyin karofi yau?" In aka kwana biyu ba a juya ba, ruwan ya lalace. Da dare na ɗauki muciyarsa.

Lahadi, 18 ga Maris
Sabon kantoma na son a ƙarasa tashar, ya ce in kawo zanen gobe. Na ɗan gyara shi. Motoci za su iya juyawa ta gabas, wurin ya fi faɗi ma, ba don komai ba.

Matata Altine ta ba ni sabulu da toka, na dirje har fata ta yi zafi. Shuɗin bai fita daga farcena ba. Gobe sai in riƙa sa hannu a aljihu.