Inna, Ashe Suga ne ke Faɗuwa

Assalamu alaikum, Inna. Ina gaishe ki da gaisuwar da ta dace da uwa, Allah ya sa kina cikin rahama.

Ciwonki ya same ni. Tun bara nake yi wa kaina allurar ciwon suga, a nan Kaura.

Kwanakin baya na soma tashi da asuba sharkaf da zufa, kaina kamar zai tsage. Likita ya ce in kawo fitsarin farko na safe a kwalba. Ya ce idan suga ya faɗi mutum yana barci, jiki kan firgita ya saki wani sinadari don ya ɗago shi, kuma alamar sinadarin takan fito a fitsari. Ba kullum gwajin ke kamawa ba, in ji shi, amma nawa ya nuna. Ya rage mini allurar yamma, ya ce kada in kwanta da yunwa.

Yana magana, ni kuwa ke nake gani a Galadi, zaune a bakin gado, rigarki a jiƙe, hannunki yana rawa. "Mugun mafarki ne, ɗiyata, dama mini hura," haka kike cewa.

Sai kin sha kin dawo hayyacinki Yaya Sani zai ɗauke ki a babur zuwa asibitin Shinkafi. Kafin ku isa furar ta yi aikinta. A soki yatsa, a ga suga ya hau, a ƙara magani. Maƙwabta suka ce iska ce. Aka yi hayaƙi, aka sha rubutu.

Ranar ƙarshe ba ki farka ba. Kina numfashi, jikinki sanyi ƙalau. 'Yan bindiga sun tare hanya, ba mai babur da ya yarda ya fita. Muka kewaye ki muna tofa miki addu'a har azahar, ga sukarin shayi ƙulle a leda cikin ɗakin, ba wanda ya san shi jikinki ke nema.

Na nuna wa mijina abin da zai yi idan ya tashe ni ban amsa ba. Duk da haka ina tsoron barci, Inna. Jikarki Hauwa ko yaye ta ban yi ba.

Allah ya gafarta miki, ya yalwata kabarinki, ya sa wahalar da kika sha ta zama kaffara. Ni kuma ya bar ni in raini yarinyar nan.

'Yarki,
Saratu