Shawar da Dantong Ya Haɗa a Jirgin Oga

Yaya Kaneng,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya Mama da ciwon ƙafarta? Yaya mutanen Naraguta? Mu nan Kanada lafiya lau muke, kada ki damu.

Sai dai mijina Dantong ya ɗauko aikin da ya hana ni sukuni. Ogansa yana da jirgin ruwa mai jan masu wasan zamiya a tafki, kuma yana son shawa mai ruwan zafi da sanyi a bayan jirgin. Mijina ya ce zai iya. Ya jawo tiyon ruwan zafi daga inji, na sanyi daga tafki, ya haɗa yadda muke surka ruwan wanka a gida: zafi tukuna, sannan sanyi. Yana buɗewa, ruwan inji ya saluɓe masa bayan hannu.

A littattafan da nake karantawa, yawo miji yake kai amaryarsa a jirgi. Ni kuwa sifanar ɗaure noti nake miƙa wa nawa, yana cewa, "Loyis, ki daina kallona kamar na mutu."

Ya sake haɗawa, wai yanzu daidai ne. Ran Asabar matar oga za ta gwada. Idan ruwan ya ƙona ta, aikin ya tafi, har da ɗakin da muke zaune, don na oga ne. Na ce masa ran Juma'a ni zan fara shiga ƙarƙashin shawar.

Ki sa mu a addu'a, amma kada Mama ta ji zancen Juma'a.

Ƙanwarki,
Loyis