Littattafan da Yaya Sani Ya Kyautar

Assalamu alaikum, Yaya Binta.

Ina gaishe ki da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya sanyin Jos? Ƙafar taki ta yi sauƙi? Mu nan Gaya lafiya, sai dai raina a ɓace yake.

Kin tuna littattafan soyayya da kika bar mini, na Baturiyar Ingilan nan da ta rasu tun zamanin kakannin kakanninmu? Da su nake koya wa 'yan matan ajina Turanci. Har musu suke yi kan wa zai auri wa. Ranar da na gaya musu marubuciyar ba ta taɓa aure ba, a gidan da wanta ya ba ta ta ƙare rayuwarta, sai suka ce ba su yarda ba.

Makon jiya ina makaranta, Yaya Sani ya kwashe su, wai suna tara gara. Ya ba wata mai gyaɗa a kasuwar Ajingi. Na hau mota na bi sawu, na tarar ta yayyage su tana ƙunshi da su.

Da na yi magana sai ya ce, "Ke Hajara, shekara nawa kina karanta soyayyar Turawa? Wane mijin ta kawo miki?" A gaban yaransa fa. Na koma ɗaki, tunda gidansa nake zaune.

Jiya wata ɗaliba ta tuno littafin da ba mu gama ba, ta ce, "Malama, a ƙarshe ta yarda ta aure shi?" Da ka na ƙarasa musu labarin.

Ki gaishe da kowa. Kada ki aiko wasu tukuna. Ki dai yi mini addu'a, Allah ya ba ni ɗakin da makullinsa ke hannuna.

Ƙanwarki,
Hajara