Lemun da Babu Irinsa a Kasuwa

Anti, don Allah ki agaza mini da shawara, domin ƙarshen watan nan Yayanmu zai kira mai saran itace.

A tsakar gidanmu, tsakanin rijiya da ɗakin Inna, akwai bishiyar lemu da ta girmi marigayi mahaifinmu. Ɓawon lemunta kauri da kaushi, cikinsa ja-ja, in aka ɓare ɗaya har maƙwabta sai sun ji ƙamshi. Ni tela ce, a inuwarta na koyi taka keke, amma sai bana na fara tambayar kaina daga ina ta fito. Goggo ta ce kakanmu, direban babbar mota, shi ya zo da ita a gwangwani daga wata doguwar tafiya, yana raba ruwan shansa da ita. Baffa ya ce Goggo ta ƙara gishiri, wani malamin gona da ya taɓa zama a gidan ne ya dasa ta. In suka fara musun nan har abinci ya huce.

Yanzu saiwarta ta tsaga bangon ɗakin Inna, gindinta kuma yana fitar da ƙaro. Yaya ya ce ba zai jira bango ya faɗo wa tsohuwa saboda lemu ba. Na ce masa ba shi da tausayi, kwana tara ke nan ba ma ga maciji. Inna kuwa sharar ganyenta kawai take yi.

Wani abin da ya ɗaure mini kai: na taɓa shuka irinta a gidana, na jira shekara bakwai, ta fito da ƙaya kamar allura, lemun kuma tsami har kunne. Sannan a jikin tsohuwar bishiyar, daidai tsayin gwiwa, akwai kumburi da ya zagaye ta. Ciwo ne? Ya zan yi?

Autar Gida

Auta, sannu da ƙoƙari. Fara da Yayanki: ki je ki ba shi haƙuri. Mutumin da ke tsoron bango ya faɗo wa uwarsa ba tausayi ya rasa ba. A kira magini ya duba tsagar, in da haɗari Inna ta sauya ɗaki tun yau.

Kumburin nan, ga alama, tabon aure ne: an ɗaura reshen lemu mai kyau a kan gindin wani. Irin lemu kuwa ba kullum yake gadon uwarsa ba, ga shi kin gani da bakinki. Reshe shi ne ba ya saɓa alkawari. Ki roƙi Yaya wata uku, ki nemo mai renon dashe ya yanki lafiyayyun rassa ya aura su a kan ƙananan gindi, aƙalla biyar, har da mai ƙayar nan ta gidanki. Ya duba ƙaron kuma, wataƙila ruwan rijiya ne ke kwana a gindinta.

Goggo da Baffa kuwa, ki naɗi muryarsu a waya, kowa daban, kada ki yi alƙalanci. Mai yiwuwa kaka ya kawo, malamin gona ya aura. Sannan ki zauna da Inna ku biyu, ki tambaye ta abin da take so. Ita ta fi kowa daɗewa tana share ganyen nan.

In dashen ya kama, Yaya za ki fara miƙa wa. Allah ya sa albarka, ya daidaita tsakaninku.

Anti